Matamaye: Wane ne mai jinya, majo ko uwar yaro?

Duk wanda ya taɓa shiga harabar babban gidan likita na garin Matamaye tsakanin watan Yuli da na Oktoba, lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sauro kuma ya yi yawa, ya san abin da ido kan fara cin karo da shi: tabarmi a gindin itatuwa, tukwane bisa duwatsun murhu, butoci da kwanoni, ga mata zazzaune, wasu da goyo, wasu na wanki. Mutanen nan ba ma'aikata ba ne, ba su kuma cikin lissafin marasa lafiya. In an tambaye su abin da ya zaunar da su, amsarsu guda ce: jinya suke yi. Wanda ke kwance a ciki, shi ma an ce yana jinya. Mai farar rigar da ke zagayawa tsakanin gadaje kuwa, sunan aikinsa da Hausa ma'aikacin jinya. Ke nan kalma guda ta ɗauki mutum uku: mai ciwo, da ɗan'uwan da ke zaune a kansa, da ma'aikacin da gwamnati ke biya.

Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin wasan harshe, alhali kuwa sau da yawa ran yaro yana rataye ne bisa yadda aka raba aiki tsakanin mutanen nan uku. In ma'aikaci ya ɗauka cewa jinya ita ce allura da rubuta ordinas, sauran kuma ruwan uwa ne, to, akwai aikin da zai faɗi a tsakani, ba wanda ya ɗauka. In uwa ta ɗauka cewa da zarar ta miƙa ɗanta ga mai farar riga ta sauke nauyi, nan ma an bar giɓi. Don haka ne masanan wannan sana'a suka mayar da bin diddigin ma'anar kalmomi irin su jinya wani reshe na iliminsu, suna koyar da shi ga ma'aikatan da za a ɗora wa nauyi mai girma.

Likitan da ba lokotoro ba

Gundumar Kance, wadda Matamaye ce cibiyarta, tana cikin yankunan da jama'a ta fi cunkoso a ƙasar Nijar. Ƙidayar shekara ta 2012 ta samu kusan mutum dubu 400 a cikinta. Daga Matamaye zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 90 ce ta hanyar Takeita. Ta kudu kuwa, ana wuce Ɗan Barto sai ƙasar Daura, a tarayyar Najeriya. Ƙasa ce ta gero da gyaɗa da rake, ta fatauci kuma da cin rani.

Tsarin kiwon lafiya a can, kamar ko'ina cikin ƙasa, hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, waɗanda aka gina da yawansu a ƙarƙashin shiri na musamman na shugaba Tanja Mamadu daga shekara ta 2001. Bisansu akwai cibiyoyin da ake kira CSI, sannan asibitin gunduma a Matamaye, sannan babban asibitin ƙasa na Damagaram. A CSI ta karkara, galibi mai riƙe da ragama ma'aikacin jinya ne, wanda aka fi sani da majo. Talakka likita yake kiransa, kuma bai yi kuskure ƙwarai ba, don kuwa shi ke duba mai ciwo, ya gano cutar, ya rubuta magani, ya ɗinke rauni, wani lokaci ya karɓi haihuwa, ya kula da ajiyar magunguna da allurar rigakafi, ya cika takardun rahoton wata, ya kuma yanke hukuncin da ya fi kowane nauyi: wa zai riƙe, wa zai tura gaba.

A ƙasashen da suka ci gaba, sai da aka yi dogon shiri kafin a ba ma'aikacin jinya irin wannan iko. A Amurka, a shekara ta 1965 ne wata ma'aikaciyar jinya, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe horo na farko a jami'ar Colorado, don a samu masu duba yara a yankunan da likitoci suka yi ƙaranci. A Faransa, sai a 2016 aka kafa doka, aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2018, aka kuma shardanta ƙarin karatun shekara 2 a jami'a kafin mutum ya hau wannan matsayi. Abin da Faransa ta ba suna a 2018, larura ta daɗe da ɗora shi a wuyan majo na Yawuri ko na Dungu. Tambayar ita ce: in majo ya ɗauki aikin lokotoro, me zai hana shi zama rabin lokotoro, ya yar da nasa aikin na asali? Ba za a iya amsa ta ba sai an san mene ne wannan aiki na asali.

Feɗe biri har wutsiya

Hanyar feɗar kalma ta samo asali daga wani malami ɗan Ingila, John Wilson, wanda ya wallafa ta a 1963 don koya wa ɗalibai tunani mai tsari. A 1983, wasu malaman jinya biyu na Amurka, Lorraine Walker da Kay Avant, suka daidaita ta da sana'arsu, suka mayar da ita matakai 8. A taƙaice, ana zaɓen kalma, a faɗi dalilin binciken, a tattara dukan hanyoyin da mutane ke amfani da ita, a tsamo siffofin da in babu su kalmar ba ta tabbata. Daga nan a ƙirƙiro misalin da ya cika siffofin duka, a jera shi da misalin da ya cika wasu ya bar wasu, da wanda ya saɓa gaba ɗaya. A ƙarshe a duba abin da dole ya gabata kafin abin ya samu, da abin da kan biyo bayansa, da kuma alamun da za a iya ƙirgawa don a san ko ya samu.

Ɗan kasuwa ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. Kafin a ƙulla cinikin wake a kasuwa, sai an daidaita kan abin da ake nufi da buhu: tiya nawa ne a ciki, wace tiya, a cike ko a shafe. In ba a yi haka ba, rigima na nan tafe. Haka ma'aikacin gwamnati ya san cewa kalma guda cikin takardar doka tana iya sauya hukunci. To, amma ana buƙatar ma'auni kafin a auna. Ma'aunin kalmar jinya shi ne ra'ayoyin da magabatan sana'ar suka tsara, wato tsarin tunanin da ke bayyana abin da ma'aikacin jinya ke yi da dalilin yin sa.

Abin da magabata suka shimfiɗa

Jinya ta girmi makarantu. Littattafan tarihin Musulunci sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, har aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu a wurinta bayan yaƙin Handaƙ. A Turai, Florence Nightingale ta je asibitin sojan Ingila a Scutari a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar ƙazanta da cututtuka suna kashe soja fiye da harsashi. Littafinta na 1859 ya tsaya ne kan iska mai kyau, da ruwa mai tsabta, da haske, da abinci, da natsuwa. A ganinta, aikin mai jinya shi ne ya gyara wa jiki wuri don ya samu damar warkewa.

Bayan shekara ɗari, Virginia Henderson ta ƙara gaba. A ɗan littafin da ta rubuta wa ƙungiyar ma'aikatan jinya ta duniya a 1960, ta lissafa buƙatu 14 na ɗan Adam: numfashi, ci da sha, fitar da bawali da bayan gida, motsi, barci, sutura, daidaiton zafin jiki, tsabta, kauce wa haɗari, magana da mutane, ibada bisa addinin mutum, aiki, shaƙatawa, da neman sani. Ta ce mai lafiya da kansa yake biyan buƙatun nan. Ciwo kuwa kan rage masa ɗaya daga cikin abu uku, ƙarfi, ko niyya, ko sani. Aikin ma'aikacin jinya shi ne ya tsaya a madadin abin da ya ragu, har mutum ya koma tsayawa da ƙafafunsa. Wannan lissafi na 14 ya shahara ƙwarai a makarantun jinya na ƙasashe masu aiki da Faransanci.

Wadda ra'inta ya fi dacewa da abin da ake gani a harabar Matamaye ita ce Dorothea Orem, ƴar birnin Baltimore, wadda ta wallafa shi a 1971. Ta ce kowane baligi yana kula da kansa, yana kuma kula da waɗanda ke ƙarƙashinsa, kamar yaro da tsoho. Ana buƙatar ma'aikacin jinya ne kawai in abin da ciwo ke nema ya zarce abin da mutum ko mai kula da shi zai iya. Wannan giɓi shi ne filin aikinsa. Ta kuma kasa aikin gida uku: inda ma'aikaci zai yi komi da kansa, inda za su raba aiki da mai ciwo ko danginsa, da inda zai koyar kawai ya ƙarfafa gwiwa, su kuma su yi. A wannan tsari, uwar da ke bisa tabarma tana da suna da matsayi. Ba ƴar rakiya ba ce.

Hawa uku a ɗakin tamowa

Ba inda hawan nan uku suka fi fitowa fili kamar wajen maganin tamowa. Bayan fari da farin ɗango na 2004, yunwar 2005 ta fi tsanani a jahohin Maraɗi da Damagaram. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da dubu 60 magani a Nijar, mafi yawansu ba tare da an kwantar da su ba. Abin da ya ba da damar haka shi ne wani abinci na gyaɗa da madara da sukari da mai, mai suna Plumpy'Nut, wanda likita André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa a 1996. Ba ya buƙatar ruwa ko dafuwa, ƙunshi guda giram 92 ne, uwa na iya ba da shi a gida. Tun daga lokacin, mafi yawan jinyar tamowa ta tashi daga gadon asibiti ta koma tsakar gida.

Yaron da ya daina ci, ko jikinsa ya kumbura ƙwarai, ko wata cuta ta hau kan tamowar, shi ake kwantarwa a sashen da ake kira CRENI. Nan ne hawa na farko. Ana ba shi wata madara ta musamman, F-75, kaɗan-kaɗan, kowane awa 2 ko 3, dare da rana, wani lokaci ta siririn tiyo a hanci. Ana tsaron kada jikinsa ya yi sanyi, kada sukarin jininsa ya faɗi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙarin ruwa ta jijiya, wanda ake ɗauka shi ne babban magani, yana iya kashe irin wannan yaro, don zuciyarsa ta raunana, ba ta ɗaukar lodi. Ba a yi masa sai in ya kai wani hali na musamman, da sa ido sosai. A nan ƙaunar uwa ba ta wadatarwa, sai ilimi.

In yaro ya fara farfaɗowa, sai a shiga hawa na biyu. Ma'aikaci ke auna madara, uwa ke ba da ita. Shi ke duba zafin jiki, ita ke rungume yaro a ƙirji cikin dare, ita ke fara ganin amai ko zawo. Ranar da yaro ya karɓi ƙunshin gyaɗa ya ci da kansa, an kusa hawa na uku: a sallame su, su riƙa zuwa CSI mako-mako, a auna, a ba da na mako mai zuwa. Daga nan awa ɗaya ce a hannun majo, sauran kwana bakwai duk a hannun uwa. Ƙwarewar ma'aikaci ita ce ya san hawan da ake ciki, kada ya riƙe abin da ya kamata ya miƙa, kada kuma ya miƙa abin da uwa ba ta kai ga ɗauka ba.

Shaida daga maƙwabta

Akwai masu cewa matar ƙauye da ba ta yi lakol ba, ba za a iya damƙa mata aikin awo ba. An gwada, kuma a nan kusa. Ana gane tamowa ga yaro mai wata 6 zuwa 59 da wata ƴar igiya mai launi uku da ake naɗawa a damtse: ja in bai kai milimita 115 ba, rawaya daga 115 zuwa 125, kore in ya wuce haka. A gundumar kiwon lafiya ta Mirya, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta ƴan ƙasa, BEFEN, sun kwatanta yankunan Dogo da Takeita. A ɗaya an koya wa iyaye mata fiye da dubu 12 awon damtse da duba kumburin ƙafa. A ɗayan an bar aikin ga wakilan kiwon lafiya na ƙauye. Sakamakon ya nuna cewa iyaye ba su gaza wakilai ba, yaran yankinsu sun fi zuwa da wuri, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka kai ga kwanciya. Daga jahar Damagaram wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka abin yake ga rigakafin masassarar cizon sauro na damina, wanda hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta amince da shi a 2012, aka kuma fara shi a Nijar a 2013, har da gundumar Magarya. Ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 magani na kwana uku a kowane wata na damina. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha. Na kwana biyun da suka rage, uwa ce ke bayarwa a ɗakinta. In ba ta fahimci dalili ba, ta ajiye ƙwayoyin sai ranar da jikin yaro ya yi zafi, to, an kashe kuɗɗi a banza, an kuma cika takarda da lissafin da ba gaskiya ba.

Siffofi huɗu, misalai uku

In aka auna kalmar jinya da waɗannan ma'aunai, siffofi huɗu ke fitowa. Ta farko, auna giɓi: me ciwon ke nema, me mai ciwo da danginsa za su iya. Ta biyu, cike giɓin da ilimi, ba ƙari ba ragi. Ta uku, ɗorewa, don jinya ba ta ƙarewa da fitar mutum daga ɗakin duba. Ta huɗu, mayar da iko ga mai shi.

Ga misalin da ya cika, kamar yadda hanyar Walker da Avant ta tanada a ƙirƙira. A ce wata mata ta taso daga wani ƙauye da ɗanta mai wata 18, yana zawo kwana huɗu. Majo ya amsa sallamarta, ya ce: «Sannu da hanya, baiwar Allah, zauna ki huta.» Ya auna damtse, ja ne, ya danna bayan ƙafafu, babu kumburi, ya ƙirga numfashi, bai kai 40 a minti ba, ya ba yaro ƙunshi, ya ci. Ya yanke cewa ba sai an tura shi Matamaye ba. Sannan ya tambaya: yara nawa ne a gidan, ina maigida, daga ina ake ɗebo ruwa? Ya ji cewa maigida ya tafi cin rani, akwai yara uku da za su sa ido kan ƙunshin. Ya bayyana mata cewa wannan magani ne, ba abin rabo ba. Ya nuna mata yadda ake dama gishirin zawo, ƙunshi guda cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. Ya faɗa mata alamun da in ta gani ta taho ko da tsakar dare: yaro ya ƙi sha, ko yana amayar da komi, ko ya suma, ko jijjiga ta kama shi. Ya sa ta maimaita da bakinta, ya sa mata ranar komowa.

Misalin da ya cika rabi shi ne na kakar da ta kwana uku ba ta runtsa ba a kan jikanta, tana fifita, tana addu'a, amma tana ɗura masa jiƙo, ta kuma yanke shawarar a kai shi wurin wanzami. Akwai ɗorewa da tausayi, babu ilimin auna giɓi. Misalin da ya saɓa kuwa shi ne na ma'aikacin da bai ɗaga kai ba, ya daka wa uwa tsawa don ta makara, ya soka allura, ya miƙa ordinas, ya kira na gaba. Mai yiwuwa maganin da ya rubuta daidai ne. An yi magani, ba a yi jinya ba. Matar kuma, gobe wurin mai tallan ƙwayoyi a kasuwa za ta nufa.

Al'ada: wadda za a riƙe, da wadda za a sauya

Kakar nan ba abokiyar gaba ba ce, kuma majon da ya mayar da ita haka ya yi asara, don sau da yawa maganarta ce ke ci a gida. Madeleine Leininger, ma'aikaciyar jinya da ta yi nazarin al'adu a tsibirin Papuwa Niyu Gini a shekarun 1960, ta koyar da cewa kulawar da ba ta san al'adar mutane ba, ba ta kama su. Ta ba da hanya uku. Akwai al'adar da za a riƙe a yaba, kamar goyo, da doguwar shayarwa, da taruwar dangi a kan mai ciwo, da cin zogale. Akwai wadda za a yi sulhu da ita, kamar addu'a da tofi, waɗanda ba su hana shan magani a kan lokaci, ko kunyar da ke hana mace ambaton ciwonta gaban namiji, wadda ake warwarewa da sirri da sa mace ta duba mace. Akwai kuma wadda dole a sauya ta da haƙuri da hujja, kamar zubar da dakashi, wato nonon farko, da ba jariri ruwa kafin wata 6, da cire beli da aska guda ga yara da yawa, da yawan kunun kanwa ga mai jego, wanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciya tun shekarun 1970. Sanin gidan da kowace al'ada ta faɗa, shi ma ilimi ne, kuma ba ya cikin kwalbar allura.

Abin da dole ya gabata

Ba adalci ba ne a ɗora komi a kan halin ma'aikaci. Feɗar kalma ta nuna cewa jinya tana da sharuɗɗa: horo, da lokaci, da kayan aiki, da amana. Majon da layin mutum ɗari ke jiransa a watan Satumba, ga takardun rahoto, ba shi da mintin da zai tambayi inda ake ɗebo ruwa. Tarihin kuɗɗin magani ma ya bar tabo. Shirin Bamako na 1987 ya kawo biyan kuɗɗi a gidajen likita, faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta tsauwala tsadar magungunan waje. A 2006 gwamnati ta yafe biya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, jama'a ta ƙaru a layi, amma an sha fama da jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗɗinsu, har kantocin magani suka riƙa bushewa. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar, Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna yadda rashin tarba da fifita mai hanya ke korar talakka daga asibiti. Hausawa sun riga sun faɗa: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ana kuma iya ƙirga jinya, ba a bar ta ga zato ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji suka amince da ita wajen maganin tamowa mai tsanani ita ce, waɗanda suka warke su wuce kashi 75 cikin ɗari, waɗanda suka rasu su gaza kashi 10, waɗanda iyayensu suka daina kawo su kuma su gaza kashi 15. Adadi na ƙarshen nan ba ingancin ƙwaya yake aunawa ba. Amana yake aunawa tsakanin majo da uwa.

Nauyin kowa

Ga magabata, darasin a bayyane yake. Tun da larura ta sa ma'aikacin jinya riƙon CSI, ya kamata horonsa, da muƙaminsa, da albashinsa su yi daidai da nauyin. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram, da sauran masu horar da ma'aikata, su ne wurin da za a haɗa masa ilimin gano cuta da ilimin raba aiki da iyali, don kada ɗaya ya cinye ɗaya. Mai zuwa duba aikinsa kuma kada ya tsaya ga ƙirga allurai da cikar rajista; ya tambayi uwa a bakin ƙofa abin da aka gaya mata.

Ga alhazan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, waɗanda ake ji da maganarsu a unguwa da ƙauye, akwai abin dubawa. Da yawa suna auna ƙwazon likita da tsawon ordinas, har mutum ya fito yana ƙorafi don ba a yi wa ɗansa allura ko ƙarin ruwa ba, sai «surutu kawai». Wannan surutun, in na mai ilimi ne, shi ne rabin maganin. Wanda ya matsa wa majo sai ya rataya leda, ko ya tsallake layi don yana da hanya, ya ci lokacin wata da ta yi tafiyar awa uku a amalanke. Maigidan da ya hana matarsa kwana a asibiti, ko ya ce a tattara a koma gida don yaro ya fara murmushi, ya yanke jinya a tsakiya. Wanda kuma ya sayi ƙunshin tamowa a tebur, ya san daga bakin wa aka ƙwace shi. Akasin haka, mai mota da ya ɗauki mai naƙuda, da mai hali da ya haƙa rijiya ko ya yi rumfa ga masu zaman tabarma, sun shiga cikin jinya ko ba su taɓa riƙe allura ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hausa da ta ba mutum uku suna guda ba ta ruɗe ba: mai ciwo, da uwa, da majo, aiki guda suke yi, kowa da gefen da ya kama. Damina mai zuwa harabar Matamaye za ta sake cika da tabarmi, kuma yawan yaran da za su koma gida a bayan iyayensu zai danganta da yadda aka raba wannan aiki. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.